Wai da gaske takin zamani na sauka har cikin rijiya? Dan Allah masana ku taimaka min

Ɗan Tarka:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Dan Allah ina da tambaya, abin ya hana ni barci kwana biyun nan. Ni ina zaune cikin garin Tawa ina aikin gyaran waya, amma gidanmu na can wajen Madawa cikin kwarin Tarka, muna da garkar albasa ta gado wadda ba ta wuce kwatan hekta ba, Baba da ƙannena biyu ke aikinta ni kuma ina aika musu kuɗin taki. Rijiyar garkar ba ta da zurfi, gaba uku ka tadda ruwa, kuma da zarar rani ya kama duk gidan can ake wuni, da ruwan nan ake girki da shi ake dama fura, don ruwan garai-garai yake ga sanyi kamar na randa.

To satin da ya wuce wasu samari ƴan wani furoje suka zo suna auna ruwan rijiyoyin garake. Ƙanena ya ce wata ƴar siririyar takarda suka tsoma cikin guga, ko minti ɗaya ba a yi ba bakinta ya rine ya yi ja mai duhu, suka kara ta jikin wata kwalba mai launi-launi suka ce tamu ta kai wajen 100, wai nitrat ne, wai daga taki yake, kar a kuskura a ba jariri. Ga shi maiɗakina na can ƙauye tana wankan jego, gidansu da namu katanga ɗaya ce, kuma ruwan rijiyar nan ake jido musu cikin bido bisa amalanke. Jaririyar yau kwananta 26.

Na kira Baba na gaya mai, ya ce shekara arba'in yana shan ruwan nan ko ciwon ciki bai taɓa sa shi ba, ya ce ƙasa ai rariya ce tana tace komi, kuma takin da ake barbaɗawa bisa fangali ina shi ina gaba uku. Ni kam ban iya musu da shi amma hankalina bai kwanta ba. Bana buhu biyu na takin ire (yuriya) da buhu biyu na takin kamfa suka zuba, ban da takin dabbobi, kuma tun da muka sa famfon sola ruwa yake kwarara tun hantsi har azahar tunda ba kuɗin mai ake kashewa ba. Shin da gaske ne abin da yaran nan suka faɗa? In an tafasa ruwan ya wadatar? Ko sai mun bar sa taki gaba ɗaya, wanda na san Baba ba zai taɓa yarda ba?

Malamin Gona Ƙonni:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya raya jaririya. Yaran nan ba su yi maka ƙarya ba, kuma Baba ma akwai inda yake da gaskiya, ƙasa tana tacewa, tana tare laka tana tare ƙwayoyin cuta da yawa, sai dai akwai abin da ba ta iya riƙewa, nitrat kuwa yana cikinsu.

Bari in bi da kai yadda abin yake. Abin da shuka ke nema cikin ire shi ne azot, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Ire kashi 46 cikin ɗari azot ce, ke nan buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na azot ciki, kamfa 15-15-15 kuma kilo 7 da rabi kowane buhu. In ka watsa ire bisa ƙasa mai danshi cikin ƴan kwanaki takan rikiɗe ta zama amoniyom, shi wannan ƙasa na riƙe shi, yana maƙalewa jikin laka da ruɓaɓɓen taki. In kuwa ka bar ta a fili rana na dukanta wani kashi ya tashi sama ya bi iska, warin nan mai yaji da kake ji in ka sunkuya bisa fangali kwana biyu bayan an watsa, kuɗinka ne ke tashi. Sauran kuma wasu ƙananan halittu da ke cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani su juya shi ya zama nitrat, kuma cikin zafin ƙasarmu ba ya ɗaukar lokaci, sati ɗaya zuwa uku an gama. Nitrat ɗin nan shi ne ba ya kama jikin ƙasa ko kaɗan, kamar gishiri ne cikin ruwa, duk inda ruwa ya nufa can ya nufa. In saiwa ta same shi ta shanye, alhamdulillahi. In ruwa ya riga saiwa, ya wuce ke nan.

To yanzu dubi albasa. Ka taɓa tuge ta ka ga saiwarta ai, ƴan zare-zare ne, yawancinsu ba su wuce santimita 20 zuwa 30 ba. Duk ruwan da ya gangara ƙasa da nan ya fita hannunta. In ƙasar taku mai yashi-yashi ce kuma ana cika fangali ya tumbatsa kullum tun hantsi har azahar, kullum ana wanke abincin albasar ne ana tura shi ƙasa, ruwan rijiyarku kuwa mita biyar ko shida ne kawai, ba wani nisa. Famfon sola alheri ne babba, na ga yadda ya raba mutane da bashin mai, amma ni a garaken da nake zagayawa na lura tun da ya zo hannun mutane ya saki wajen ban ruwa. Da can mai injin yana ƙirga kowane litar mai, fangali na cika ya toshe ya wuce gaba. Yanzu sai a kunna a tafi shan shayi.

Mu yi lissafin garkarku. Ire biyu kilo 46, kamfa biyu kilo 15, ya kama kilo 61 na azot a kwatan hekta, in ka ninka huɗu kilo 244 ke nan a hekta, ba a ma sa na dabbobi ba. Albasa ko ta yi kyau ƙwarai abin da take ci bai cika wuce kilo 100 zuwa 150 a hekta ba. To sauran fa? Wani ya bi iska, wani ya zauna cikin ƙasa, wani ya gangara. Kuma kar ka raina abin da ya gangara, kilo ɗaya na azot yana ba da sama da kilo huɗu na nitrat, buhu ɗaya na ire in duka ya sauka zai ba da wajen kilo 100. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyaka a miligiram 50 cikin lita ɗaya na ruwan sha, ke nan buhu ɗaya tak ya isa ya kai lita miliyan biyu bakin iyakar nan, tano mai lita 200 guda dubu goma fa. Naku da aka ce 100 ya ninka iyakar sau biyu.

Akwai kuma wanda mutane ba sa lura da shi. Bayan an cire albasa cikin watan uku ko na huɗu, ragowar takin na nan kwance cikin busasshiyar ƙasa ba abin da ke cin shi, sai ruwan farko na damina ya zo ya tarar da fili fayau ya kwashe shi ya yi ƙasa da shi lokaci guda. Shi ya sa nake roƙon masu garake kar su bar wurin haka nan, a jefa masara ko dawa da ruwan fari, saiwarsu na zurfi za ta kamo abin da albasa ta bari, kuma ba sai an sa musu wani taki mai yawa ba.

Ban ce a bar taki ba, kar ka je ma Baba da wannan maganar don ba zai saurare ka ba kuma yana da hujja. A raba shi ne. Maimakon a juye rabin buhu lokaci ɗaya, a kasa ire kashi uku ana ba ta kaɗan-kaɗan lokacin da take yin ganye, a sa bisa ƙasa mai danshi a ɗan tona da kalme a rufe, a bi da ruwa daidai wanda zai narkar da ita, ba wanda zai yi ambaliya ba. Da ta fara ƙulla kai sosai a tsaida ire. Kuma ga maganar da nake ganin za ta shiga kunnen Baba fiye da zancen nitrat: albasar da ta sha ire da yawa daga ƙarshe wuyanta kauri yake yi, ta cika da ruwa, in an zuba ta cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, ba ta kai lokacin tsada sai ta fara ruɓewa. Tambaye shi buhu nawa suka zubar bara.

Tsohon Manomi:

Salamu alaikum. Ɗana ya karanta mini wagga magana cikin waya nic ce ya rubuta mini amsa yadda nih hwaɗa.

Malam na ji bayaninka kuma ka yi ƙoƙari, Allah shi biya. Amma ina son ku yara ku yi hankali da wanga zance, kar a ɗauko ciwon wasu a aza muna. Mu nan Nijar wane taki gare mu? Ni na yi noman hatsi shekara ta fi hamsin bisa tudun Adar, gonata ta jigawa ba ta taɓa ganin buhu guda cikakke ba. Lokacin da na gwamnati yake jika goma sha uku da rabi ma sai an yi layi an sha rana, balle da anka yi yaƙin Ukraniya kuɗinai yah hau, anka zo anka rufe iyaka a 2023. Mu abin da munka sani shi na a gina tassa, a sa taki hannu guda cikin rame, in Allah ya hore a ɗebi na zamani da marfin kwalba a sa gindin shuka. Wanga ɗan marfin shi za ya ɓata ruwa? Ƙasarmu yunwa taka ji, ba ƙoshi ba.

Kuma ku duba da kyau, rijiyar da anka ce ta ɓaci, mi ag gewaye da ita? Ni na san garake, na yi aikin albasa Galmi da ƙuruciyata tun ana ja da wasaki. Inda rijiya take nan aka ɗaure shanun amalanke da jakkai don inuwa, nan aka tara jujin taki kamin a watsa, nan yara ka kewayawa bayan darni. Bakin rijiyar ko daɓe babu, ruwan da ya zube ya bi ta cikin kashin dabba ya koma ciki. In an auna an ga abu sai a ce buhu na. Ni ban yarda a ɗora ma buhu laihi shi ɗai ba.

Ɗana mai tambaya, kar ka tada ma mahaihinka hankali, da albasar nan ya yi maka aure. Amma zancen jinjira ba a wasa da shi, a nemo mata ruwan pampo ko nawa na.

Ungozoma Yamai:

Baba Tsohon Manomi mun gode, kalmarka ta ƙarshe ita na zo in ƙarfafa. Ƙanena Ɗan Tarka, ka bar zancen gona tukuna, yau ɗin nan ka kira gida.

Kar a tafasa ruwan nan da sunan gyara shi. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma nitrat ba ya tashi da tururi, ruwan ne ke raguwa shi yana nan, sai ma ya ƙara kauri. Ruwan Jabel da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi ba ya cire shi, ƙwayar akwatab ta tsabtace ruwa ba ta cire shi, alif da tacewa da ƙyalle duk ba sa taɓa shi. Kuma ba shi da launi ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, shi ya sa garai-garai ɗin da kake faɗa ba shaida ba ce.

Dalilin da ya sa babanka ya sha shekara arba'in lafiya amma ake jin tsoro ga jaririya, cikin jariri ba kamar na babba ba ne. A cikin ɗan da bai kai wata shida ba, musamman wata ukun farko, nitrat na saurin juyewa ya zama nitrit, shi kuma ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar da muke shaƙa. Sai ka ga leɓen yaro da farcensa da kewayen bakinsa sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, yana numfashi sama-sama, ya yi laushi ba ya kama nono. Ga yaranmu masu duhun fata a duba cikin leɓe da dasashi da harshe, nan ya fi nunawa. In yana zawo haɗarin ya fi yawa. Tun 1945 wani likita a jihar Ayowa ta Amurka ya gano haka ga jariran ƙauye da ake dama wa madara da ruwan rijiya, daga irin wannan ne aka samo iyakar da Malam ya faɗa. In an ga alamar nan ba jira ba jiƙe-jiƙe, a ɗauke ta sai likita, akwai allurar da ake yi kuma tana aiki da sauri.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne nonon uwa. Ko uwar ta sha ruwan, abin da ke bi ta nono bai taka kara ya karya ba, jaririn da ke kan nono zalla ya tsira daga wannan. Shi ya sa kullum a wurin awo muke ta faɗa har muryarmu ta dushe, wata shida nono kaɗai, ko ɗigon ruwa. Amma ni na san gidajenmu, na san kaka ba ta iya ganin zafin watan huɗu ta ƙyale jinjiri ba ta ɗura mai ruwa ba, ga bauri da ake dafawa a bar shi kan wuta ya yi ta tafasa har ya kusa ƙonewa, ga rubutu da ake wankewa a ba shi. Baurin nan shi ya fi tsaya min a rai, don an haɗa abu biyu, ruwan rijiyar da kuma doguwar tafasa. Ka yi wa surukarka magana da ladabi, ko ka sa wata babba da take jin nauyinta ta gaya mata. In ba makawa sai an ba da wani abu to da ruwan famfon gari, kuma in akwai madarar gwangwani a gidan kar a kuskura a dama da na garka.

Wankan jego da wanki da wanke-wanke duk a ci gaba da ruwan rijiyar, ba ya shiga ta fata. Ita mai jegon dai da duk mai ciki a gidan gara su koma shan na famfo su ma.

Ɗalibin Ruwa:

Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdu Mumuni, ɓangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa nake, bari in sa baki tsakanin Malam da Baba Tsohon Manomi don ni a ganina ba saɓani suke ba, kowa gonar da ya sani yake faɗa.

Baba ya yi gaskiya, Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da takin zamani a duniya. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun sa burin kilo 50 a hekta lokacin da matsakaicin nahiyar yake wajen kilo 8, mu kuwa ko wannan takwas ɗin gonakin hatsinmu ba su gani ba. Marfin kwalbar da ya ambata, wanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore suka yaɗa, giram 6 ne na kamfa a gindin shuka, wannan ba ya isa ko'ina, hatsi ke cinye abinsa. Matsalar Turai daban ce, can sai da Tarayyar Turai ta kafa doka a 1991 ta ƙayyade ko takin dabbobi kar ya wuce kilo 170 na azot a hekta a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari. Amma fa lissafin ƙasa gaba ɗaya yana ɓoye abu, ɗan takin da ke shigowa ba a tudu yake ƙarewa ba, yana taruwa ne a ƴan wurare, fadamun albasa na Tarka da Magiya, filin noman rani na Ƙonni, shinkafar bakin kogin Isa, garaken kewayen Yamai, kuma nan ne daidai inda ruwa ya fi kusa da sama. Kilo 244 ɗin garkar su Ɗan Tarka ai ya wuce kilo 170 ɗin da aka ƙayyade wa Bature na takin dabbobi.

Zancen masai da turken dabbobi kuma haka yake. Nan cikin Yamai rijiyoyin unguwanni da ke kwarin Gunti Yena an daɗe da sanin nitrat ɗinsu ya yi yawa, kuma ba gona ce ta jawo ba, masai ne da ruwan kwata. A karkarar gabashin Yamai ma binciken da aka yi ya nuna wani nitrat ɗin daga ƙasar kanta ya fito, bayan an sare daji an maida shi gona ruwa ya riƙa wanke azot ɗin da ke jibge cikinta. Ita takardar awo ba ta faɗa maka daga ina ya zo, adadi kawai take ba ka.

To ya za ka gane naku? Ka sa ƙanenka ya taka da ƙafa daga bakin rijiya zuwa masai mafi kusa, da turke, da jujin taki. Ƙa'idar da ake bi ita ce a bar aƙalla mita 30, kuma kar su kasance ta sama inda ruwa ke gangarowa. In ba komi kusa sai fangalai, kuma rijiyoyin maƙwabta da ke tsakiyar albasa su ma sun rine amma ta cikin gari ba ta yi ba, to buhu ne. In taku kaɗai ce ta yi ja, a duba abin da Baba Tsohon Manomi ya lissafa. Sannan takardar nan kimantawa ce, ka ɗebi ruwan cikin kwalba mai tsabta ka kai ofishin ma'aikatar ruwa nan Tawa ka nemi a auna a labo, har da ƙwayoyin cuta, don in kashi ne tushen to ba nitrat kaɗai ke ciki ba. A auna yanzu a sake bayan damina ta zauna, adadin na hawa yana sauka.

Abu ɗaya da ba na so in ɓoye maka, ko yau aka gyara hannu ruwan ba zai wanke gobe ba, abin da ke kan hanya tsakanin saiwa da rijiya sai ya gama sauka, yana iya ɗaukar damina da dama. Rijiyar burtsatse mai zurfi da ta ratsa laka ta fi kariya daga abin da ke zuwa daga sama, ita ma dai a auna ta, mutanen Tibiri ta Maraɗi ba su manta da abin da sinadarin fuliwor na ruwa mai zurfi ya yi wa ƙasusuwan ƴaƴansu ba.

Ɗan Tarka:

Wallahi na gode muku duka, Allah ya saka da alheri, Baba Tsohon Manomi Allah ya ƙara girma. Anti ungozoma ina gama karanta naki na kira, ashe kuwa ana ba ta bauri safe da yamma tun ranar suna, jikina har rawa ya yi. Na sa maiɗakina ta buɗe bakin yarinyar ta haska da fitilar waya, ta ce jajir yake kuma tana shan nono sosai, alhamdulillahi. Gwaggona ta je ta yi wa surukata magana, ta ce ba za ta bar baurin ba amma ta yarda a riƙa dafa shi da ruwan famfo, na tura kuɗi ƙanena zai riƙa kawo bido biyu kullum daga famfon gari. Zan ci gaba da lallaɓa ta kan nono zalla ɗin.

Ƙanena ya taka, masai babu kusa, amma turken shanun amalanke taku goma sha ɗaya ne daga rijiya kuma jujin taki na jingine da shi. Ya ce rijiyoyi biyu na maƙwabtanmu su ma sun yi ja ranar, ɗaya ma ba dabba ko ɗaya wurinsu. Ke nan kamar duka biyun ne a namu. Na tambayi Baba zancen rudu kamar yadda Malam ya ce, ya yi shiru, can ya ce bara kusan kashi ɗaya cikin uku suka zubar, shi ya ɗauka iri ne ba shi da kyau. Malam tambaya ta ƙarshe, tunda ruwan da muke ban albasar da shi akwai nitrat ciki, ba zai cuce ta ba?

Malamin Gona Ƙonni:

Ko kaɗan, abinci ne gare ta, ita ba ta bambance wanda ya fito daga buhu da wanda ya fito daga tiyo. Ruwa mai miligiram 100 na nitrat akwai wajen miligiram 22 da rabi na azot cikin kowace lita. Mu ɗauka albasarku na shan milimita 500 daga dashe zuwa cira, a kwatan hekta lita miliyan ɗaya da dubu 250 ke nan, ya kama wajen kilo 28 na azot, ya fi buhu ɗaya na ire, famfo na dawo muku da takin da kuka zuba shekarun baya kuna kuma ƙara wani bisa. In labo ya tabbatar da adadin nan, baɗi ku rage buhu ɗaya na ire cikin biyun.

Na san Baba ba zai yarda da lissafin takarda ba, kar ma ka matsa mai. Ka roƙe shi fangali goma kawai daga gefe, a ba su rabin ire a kasa shi uku, a riƙa toshe musu ruwa da zarar ya rufe ƙasa, sauran garkar ya yi yadda ya saba. Ranar cira a auna na kowane ɓangare daban, a zuba su cikin rudu daban, a buɗe bayan wata uku yana tsaye. Turken kuma a maida shi can ƙasan garka wannan satin, a kwashe jujin, a samu siminti buhu ɗaya a ɗaga bakin rijiyar a yi mata daɓe da murfi. Ran kasuwar Madawa mai zuwa ina da aiki wajen, turo min lambar ƙanenka ta saƙon sirri in biya in ga ƙasar da idona, ina da sauran takardun awo zan taho da su mu gwada na famfon garin ma.